Hannu a Kashi na Sha Tara

Kashi talatin, wata uku,
a wani tsohon sito a Umdurman
da aka shafa wa fenti ya zama gidan talabijin.
Sunan wasan Saura Minti Ɗaya.
Ni ne mai riƙe sandar makirfo.

Tashar ƙarya muka gina:
ƙofofin kwali, tagar da ba ta kallon ko'ina,
agogo uku a bango, kowanne da ra'ayinsa.
Babikir ke karanta labarai,
kwat daga ƙugu zuwa wuya,
ƙarƙashin tebur kuwa silifas ne da wandon barci.
Nafisa mai hasashen yanayi
ta rataya taswira a kife
ta yi wa hamada alƙawarin ambaliya.

Wannan shi ne abin da aka rubuta.
Namu na gaske ya fi shi.
Janareta ya shaƙe ana tsakiyar ɗauka,
Ustaz Mirgani ya jefar da hula ya bi ta da zagi,
Suhair marubuciya tana lungu, ba ta ce uffan ba,
biro kawai ke tafiya.
Mako na gaba sai ga hular a cikin takarda, har da zagin.
Daga nan muka koma yin faɗa a bayan gida.

Mai kunnen roba yana jin abin da kyamara ba ta gani:
kukan cikin da bai karya ba,
haɗiyar yawu kafin layi mai wuya.
Ranar kashi na sha huɗu aka kira Babikir a waya.
Ya fita. Ya dawo. Ya gyara kwat.
Ya kori ƙuda daga hancinsa yana karanta farashin albasa
har mai kyamara ya ciji hannun riga.
Ni kaɗai na ji numfashin
yana karyewa tsakanin kalma da kalma.
Da yamma ya kama motar Atbara, jana'izar yayansa.

Inna ta bugo daga Mai Wurno:
"Isiyaku, mun kalla har goma, ina kake a ciki?"
Na ce, Inna, gwanintar aikina
ita ce kada a gan ni.
Ta yi shiru, ta ce, "To Allah ya kyauta."

Sai kashi na sha tara.
Ɗauka ta takwas, kafaɗa ta mutu,
sanda ta sunkuyo, hannuna ya biyo ta
ya leƙo ta saman hoton, daidai kan Nafisa.
Na jira a kore ni.
Mai tacewa ya ce a bar shi:
wasan tashar da ba ta iya aiki ba ne,
wa zai ce ba da gangan ba?

Daƙiƙa biyu.
Daren da aka nuna shi maƙwabta sun cika tsakar gida,
an ce Inna ta miƙe har shayinta ya zube,
ta gane tabon lauje a gindin babban yatsa.
Da ta kira ba ta yi zancen dariya ba.
Cewa ta yi, "Ka rame."

Jiya aka kwance tashar.
Ƙofofin sun tafi wajen mai kiwon tattabaru.
Batul mai jabana a bakin titi
ta karɓi agogo ɗaya, wanda ke latti,
ta ce ya dace da masu cin bashinta.
Zango na gaba? Ana magana, in ji Mirgani.

Na hau raksha na bi gefen Nilu,
kunnuwana a buɗe, ba roba,
gari duka yana magana lokaci guda
ba mai cewa a yi shiru, za a ɗauka.
Sai da muka kusa gada na lura
hannuna na dama yana sama, riƙe da ƙarfen rufi,
ina kaffa-kaffa kada ya shiga hoto.